Ranar da Na Rufe Titi da Kwalin Kifi

Ko da zan manta ranar da aka ba ni takardar kama aiki, ba zan taɓa mantawa da ranar da na rufe babban titi sukutum a garin Maiduguri ba, ni kaɗai, ba kaki ba bindiga. Abin haushin kuma, duk abin da na aikata ranar da sunan kiyaye haɗari na yi shi.

Ni malamin makaranta ne, muna zaune a Jiddari Polo da matata Falmata. Mahaifinta, Baba Modu, tsohon direban babbar mota ne. Ya yi shekara da shekaru yana jigilar busasshen kifi daga bakin tafki zuwa cikin gari, har babu wanda bai san shi ba a kasuwar kifi ta Baga Road. Mutum ne mai ƙarancin magana. Yana mutunta ni, Malam yake kira na, amma shekara huɗu da aurena bai taɓa sa ni aikin da ya wuce karanta masa saƙon waya ba. In abu na hannu ne ko na hanya, sai ya aika a kira wani, ko da ina zaune a gabansa ina shan shayi. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Babu abin da nake so kamar ranar da dattijon nan zai ɗauke ni mutumin da za a iya damƙa wa abu a kwanta a yi barci.

Da Allah ya hore mini 'yar motata kwatano, sai na ce to, lokaci ya yi. Na sa mata rigar kujera, na rataya turare a madubi, na sayi tsumman goge gilashi har kala biyu. (Abin da ban saya ba za ka ji shi nan gaba.)

Ana cikin haka bikin Yagana, ƙanwar Falmata, ya taso. Ranar girki, da hantsi, na je gidan Baba a Gwange na tarar yana ta kiran mai keken da zai ɗauko kwalin banda daga kasuwa, wayar ba ta shiga. Mata sun riga sun ɗora tukwanen burabusko, kifin miya kawai ake jira. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, ai ga mota. Bari in ɗauko" ba.

Ya dube ni, ya dubi motar. Ya tashi ya zagaya ta a hankali, ya danna tayar baya da ƙafa.

"Malam, wannan ta tsufa."

"Za ta kai, Baba."

"Akwai safaya?"

"Akwai."

"Sikoshin fa?" Wato jan ƙarfen nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace.

"Komai akwai, Baba," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba. Allah ya yafe mini.

Ya ce, "To. Kafin azahar suke so."

Na isa kasuwa lafiya, aka sa mini kwalin a but, na kamo hanya ina ta murmushi ni kaɗai. Har na fara tsara yadda zan sauke shi a ƙofar gida ba tare da na nuna wani abin kirki na yi ba. Ban yi nisa ba sai na ji "fam!" Motar ta ja gefe, bayanta na rawa. An ce in taya ta fashe kada a taka birki da ƙarfi, a riƙe sitiyari a bar mota ta rage gudu da kanta. Haka kuwa na yi, sai dai ba don sani ba. Ƙafata ce ta sandare don tsoro.

Na lallaɓa na tsaya, amma gefen titin babu fili, rabin motar na kan kwalta. Ga keke napep suna wucewa ta jikina, ga manyan motoci suna danna oda. Na kunna fitilun nan huɗu masu ƙyaftawa, na fito na buɗe but. Safaya tana nan, gaskiya na faɗa wa Baba. Iska ce dai babu a cikinta ko ta busa wuta.

Dole ke nan in kai ta wurin mai faci. Amma a bar mota haka a kan hanya babu alama? Ina, ni da nake yi wa ɗalibai huɗubar tsallaka titi kowace Litinin! Na tuna direbobi kan karyo ganye su jera a baya. Akwai dogon yaro a gefen hanyar, sai dai reshensa mafi kusa ya fi ƙarfin tsawona. Na yi tsalle sau uku cikin sabuwar shadda, hulata ta faɗi a kwata, na haƙura.

A nan ne basira ta zo mini. Ga kwali babba, mai nauyi, wanda kowane direba zai hango daga nesa. Na rungumo shi, na ƙirga taku talatin a bayan motar, na dire shi a kan kwalta. Sai na ce a'a, in aka ga kifi ne wani zai yi gaba da shi. Na ɗauko wata ƙatuwar baƙar leda na lulluɓe shi ruf. Iska ta fara ɗaga ledar, na rasa igiya, sai na ɗauko wayar jona batir, ja da baƙa, na naɗe shi da ita tam. Har na gyara jan bakin wayar ya leƙo ta sama, wai don ya fi ɗaukar ido.

Tsaya ka kalli abin da idon zuciyarka. Mota a kulle babu kowa ciki, fitilu na ƙyaftawa. Baƙin ƙunshi a tsakiyar hanya, wayoyi sun leƙo. A Maiduguri. Ni kuwa na ja da baya na dube shi na ce, "Madalla," na tare keke na tafi da tayata.

Wurin mai faci na tarar da layi, injinsa kuma sai da aka ja shi aka ja kafin ya tashi. Na yi kusan minti arba'in. Ban damu ba, har zoɓo mai sanyi na sha, tunda na san na bar komai cikin tsari.

A hanyar dawowa mai keke ya tsaya tun da nisa ya ce, "Oga, sai dai ka sauka, an rufe hanya." Na sauka ina gungura taya. Motoci sun yi cirko-cirko, masu shaguna sun ja ƙofofi, jama'a sun taru can nesa a bayan wata igiya da jami'an tsaro suka gitta. Na kutsa na tambayi wani dattijo mai hular zanna abin da ke faruwa.

"Wani la'ananne ne ya ajiye kaya a hanya ya gudu," ya ce. "An ce har wayoyin ana gani."

"Subhanallahi!" na ce. "Mutanen nan ba za su bar mu mu huta ba? Allah ya tona asirinsa!"

Wajen mutum goma suka amsa da amin. Ni ma na shafa.

Sai na yi ɗage don in ga inda zan bi in kai ga motata. Na hango wata mota can a tsakiyar filin da aka watse, fitilunta na ƙyaftawa. Na ce ikon Allah, irin tawa. Na ƙara dubawa, na ga turare na lilo a madubi. Daga nan idona ya sauka a kan baƙar leda da jar waya.

Ban taɓa sanin gumi na iya fitowa ta tafin ƙafa ba sai ranar. Shaiɗan ya matso ya ce, "Juya da tayarka, babu wanda ya san ka." Wallahi har na juya ta. Sai na tuna tukwanen da ke kan wuta a Gwange, na tuna wanda ya aiko ni. Na ɗaga hannu kamar ɗalibin da fitsari ya matsa, na ce da wata murya da ban san ina da ita ba, "Yallaɓai... kifi ne."

Nan da nan mutanen da ke kusa da ni suka dare, aka bar ni daga ni sai taya. Babban jami'in ya sa na ɗaga riga, na juya, na zauna a ƙasa. Na ba shi katin makaranta, na yi bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai malami ne?"

"E, yallaɓai."

"Yara kake koya wa?"

Ya miƙo mini katina.

"Wa ya san ka a yankin nan, wanda zai tsaya maka?"

Mutum ɗaya ne tak a duniya da kowa a hanyar nan ya sani, kuma shi ne mutum na ƙarshe da nake so ya gan ni zaune a kwalta ba hula. Na kira shi.

Baba ya iso a keke da sandarsa. Tun kafin ya ƙaraso ake ta gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Baba Modu, wushe." Ya gaisa da jami'in, ya hangi ƙunshin, ya hangi motar, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Surukina ne. Kifin nawa ne, ni na aike shi."

Jami'in ya ce to, wanda ya ɗaure shi ne zai je ya kwance, kowa ya tsaya inda yake. Na miƙe. Na yi taku biyu sai na ji ƙarar sanda a bayana. Jami'in ya ce, "Baba, kai tsaya." Baba ya ce, "Tare za mu," bai ko rage tafiya ba.

Haka muka ratsa filin nan mu biyu, gari guda na kallo. Na kwance waya, na yaye leda, na buɗe kwali. Baba ya ce, "Ɗaga su gani." Na zaro wata ƙatuwar tarwaɗa busasshiya na ɗaga ta sama da hannu biyu.

Nan take wurin ya fashe. Masu dariya na yi, masu zagi na yi, masu keke suka haɗa da oda. Dattijon nan mai hular zanna ya ƙwala daga nesa, "Malam, addu'arka ta ci!"

Duk wannan na shanye shi. Abin da ban iya shanyewa ba shi ne wata mata da ta zo wucewa da zanin ƙungiyar matan coci, tana riƙe da tiren gyaɗa babu ko ƙwaya a ciki, da alama wajen gudu ta zubar. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta ce, "Ɗana, mun fara mantawa fa. Yau ka tuna mana." Na ba ta haƙuri, na ce zan biya gyaɗar. Ta girgiza kai ta wuce. A nan ne na ji kunya ta gaske, wadda ba ta da alaƙa da hula ko shadda.

Aka buɗe hanya. Kafin motoci su taso, Baba ya maƙalo reshen dogon yaron nan da kan sandarsa, ya karya, ya miƙo mini ya ce in jera ganyen can baya, nesa sosai, yadda mai gudu zai samu damar kaucewa. Ya sa na tokare tayoyin gaba da duwatsu. Na kai hannu ga jak, ya ce, "Sassauta noti tukuna." Duk lokacin da na ba titi baya sai ya taɓa ni da sanda ya ce, "Idonka a kan motoci." Bai karɓi sifana daga hannuna ba ko sau ɗaya, ni na ɗaura tayar har na gama.

Muka shiga mota muka kama hanyar Gwange. Ni dai na riga na sallama, na san ko saƙon waya ba zan ƙara karanta masa ba. Can na daure na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ba ni da sikoshin."

"Na sani," ya ce. "Wanda yake da shi ba ya cewa komai akwai."

Muka ƙara tafiya kaɗan.

"Na yi shekara talatin a hanya," ya ce, yana kallon gaba. "Na ga direbobi da yawa sun yi ɓarna sun shige cikin jama'a. Kai ka ɗaga hannu."

Iyakar abin da ya ce ke nan, amma sai da na yi kamar ina gyara madubi don kada ya ga idona.

Mun isa ana kiran la'asar. Labari ya riga mu zuwa, ya kuma yi ƙiba a hanya: wai ƙunshi uku aka samu. Falmata ta taro ni a zaure tana cewa, "Alhamdulillahi, ina ta kiran ka! Ka ji abin da aka yi a hanyar kasuwa?" Gwaggonta ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Ko an kama ɗan banzan?"

Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni.

"An kama shi," ya ce. "Ya tuba. Ku karɓi kifi."

Ya juyo gare ni a gaban kowa ya ce, "Malam, gobe da safe akwai 'yan rakiyar amarya da za a ɗauko daga tasha. Kai za ka je."

Sai bayan kwana uku na faɗa wa Falmata gaskiya. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, kuma kafin magariba babu macen da ba ta ji ba a dangi.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. In suruki ya ce taya ta tsufa, to ta tsufa. In kuma wata dabara ta faɗo maka a gefen titi har ka ji kana yaba wa kanka, tsaya ka tambayi mutum na farko da ya zo wucewa, ko da mahaukaci ne.