Fuskar Sani a Gindin Dutsen Guga

Ba zan taɓa mantawa da ranar wasanni ta makarantarmu a Birnin Kudu ba, lokacin jihar Jigawa tana sabuwa fil. Ni ne malamin wasanni, kuma ina da wata lalura ta tara tarkacen ƙwallo. Tsofaffin tikitocin shiga fili, katinan 'yan wasa na cikin cingam, katin gaisuwa mai hoton filin wasa na Kano, duk na cika akwati da su (matata tana kiransu abincin gara).

Shugaban makaranta ya ce in baje su a aji ɗaya don baƙi su gani. Da ya leƙo sai ya taɓe baki. "Malam, ai duk na Kano ne. Mu ba mu da namu?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Na yi ta cigiya har na kai Fagam, wurin Baba Ilu, wani dattijon manomi da aka ce yana da hoton tsohuwar ƙungiyar ƙwallon Gwaram. Ya zaro shi daga gwangwani a nannaɗe. Samari ne ba takalmi, na tsakiya a tsugune rungume da ƙwallo.

"Wannan Sani ne, ƙanena, shi ne gola," in ji Baba. "Mota ta kashe shi a hanyar Kano. Ba shi da wani hoto a duniya sai wannan."

Na dafa ƙirji na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ai hannun masani ya shigo." (Wai masani! Allah Ya yafe mini.)

A gida hoton ya ƙi miƙewa. Mai hankali danne shi zai yi da littafi, ya jira kwana biyu. Ni kuwa gawayi na hura na zuba a dutsen guga. Ɗorawa ɗaya na ji ƙauri. Da na ɗaga, fuskar Sani na manne a gindin dutsen kamar ƙanzo.

Maimakon in koma Fagam in faɗi gaskiya, sai na yanko takarda, na rangaɗa mata "Gwarzon Golan Gwaram", na liƙa daidai wurin ƙunar. Har ja da baya na yi ina yaba dabarata, don na ɗauka Baba Ilu ba zai yi wannan tafiyar ba.

Ya zo. Da farar rigarsa ta Juma'a, wata budurwa na biye da shi, ajin kuma cike da iyaye.

"Malam, ga 'yar Sani. Tana ciki ya rasu, a Kwandiko ta tashi wurin dangin uwarta. Na ce gara ta fara ganin ubanta a bango, inda manya ke kallonsa. Ɗan ɗaga takardar nan, ta rufe masa fuska."

Na fara kame-kame, wai gam ɗin bai bushe ba. Shugaba ya ce, "Ɗaga mana, Malam."

Na ɗaga.

Yarinyar ta daɗe tana kallon baƙin tabon. Baba Ilu ya ciro hoton da kansa, ya naɗe, ya sa a aljihu.

"Ba komai, Malam," ya ce. "Ta ga hannayensa."

Wallahi da marina ya yi da na fi samun sauƙi. Har yau in mota ta bi da ni ta Fagam, sunkuyawa nake kamar mai gyaran takalmi. Abin da na koya kaɗan ne: da na je masa da ƙunar a fili, da wawa kawai za a kira ni. Ni da kaina na ɗauko almakashi na ƙara wa kaina maƙaryaci.