Ranar da Na Dira Teku da Hular Malam

Rubuta, jikata, ban da dariya. Da na fita takabar Malam, Allah ya jiƙansa, na tafi kai wa ɗanmu Sani hular ubansa a wani tsibiri bayan Legas. Mai jirgin ruwa ya miƙo mini rigar kariya daga nutsewa, na ce, "Ɗana, a bakin kogin Wudil aka haife ni."

A wurinmu, kwalekwale na kusantar gaɓa ake tattare zani a dira. Ina hango Sani, na dira. Ashe babu ƙasa. Hannuna kawai aka gani a sama, riƙe da hular, ko jiƙewa ba ta yi ba.

Har yau in na ɗauki buta sai ku ce, "Iya, a kawo rigar?" Wayyo Malam, da yana raye, da ya fi ku tsokana.