Aron Fuskar Kaka

Wata uku cur bai leƙa ɗakin kakarsa ba, sai yau da uku da rabi ya faɗo kamar an jefo shi, jakar kai saƙo a baya, gumi sharkaf. Ba zumunci ne ya kawo shi ba. Lokacin da zai buɗe asusun waya da kamfanin kai saƙo ke zuba masa kuɗin aiki ba shi da katin shaida, sai ya yi wayon banza ya buɗe da na tsohuwar. Yau asusun ya kafe, ba zai saki ko sisi ba sai ya ga fuskar mai shi. In huɗu ta buga bai biya kuɗin mako na babur ba, waɗanda suka ba shi za su kashe injin daga ofishinsu.

"...lafiya lau, Kaka, ya ƙafar? Ɗan kalli wayar nan."

"Muryar wa nake ji kamar ta mijina da ya gudu? Ai na cire rai, har na fara duba wani."

"Wa zai kwashe ki? Fuskarki nake son aro, minti ɗaya."

"Fuskar da ka ce tana firgita kaji?"

"Ita fa. Yau kasuwarta ta buɗe. Sau uku kawai ake gwadawa, in an faɗi sun rufe asusun wata guda."

Ya saita wayar. Wayar ta ce a juya kai hagu, Kaka ta juya gaba ɗaya ta ba ta baya. Wayar ta yi ja.

"Kaka! Kai aka ce, ba duka jiki ba!"

"Wuyan nawa na roba ne? Zo ka murɗa shi da kanka, mai ƙafa kamar sandar tsintsiya."

A karo na biyu wayar ta ce a ƙifta ido. Tsohuwa ta runtse ta ƙi buɗewa, wai hasken zai sha mata ruwan ido. Ja kuma. Huɗu saura minti goma. Wasan ya fita daga muryarsa.

"Saura ɗaya, Kaka. In babur ɗin nan ya mutu, aikina ya mutu. Yanzu murmushi take so."

"Murmushi?" Ta gyara zama, fuska a murtuke. "Sati biyu ina kwance da zazzaɓi. Ƙarar babur ɗinka nake ji yana wucewa ta bakin layin nan. Kana kai wa baƙi abinci har hawa na biyar, ni ko sannu. A ina zan samo maka murmushi?"

Ya sauke wayar. Kunya ta kama shi, kuma gaskiya ya cancanta.

"Na yi laifi, amaryata. Ba ni da baki."

"Da ma bakin naka na ci ne kawai."

Saura minti huɗu. Ya ɗaga wayar a hankali, ya danna.

"To ko don haƙoran nan naki biyu. Ɗaya gabas, ɗaya yamma, shekara goma ba sa ga maciji. Buɗe su gaisa mana."

Ta cije, ta ƙara cijewa, sai dariya ta ƙwace mata har da tari. Wayar ta yi kore. Ya tura kuɗin da saura minti biyu, ya zube a bakin gadonta yana haki.

"Wallahi gobe zan mayar da shi kan katina, na huta."

"Ka kuskura! Bar shi yadda yake. Ita wayar ta san ta nemi fuskata, ta fi ka zumunci."

Sai ga wayar ta yi ƙara, sabon saƙo na jiran mai ɗauka. Ya kalle ta, ya kalli tsohuwar. Ya yi dariya, ya kife wayar, ya sauke jakar daga bayansa.

"Kin ci, tsohuwa. Miƙo ƙafar in matsa miki."