Gwaggo Tabawa da Hukumar Gansakuka

A wani daji da ba shi da itace ko ɗaya, sai duwatsu da ruwan gishiri, akwai wata al'umma ta halittun teku. Gaskiyar magana dajin nan akwatin gilashi ne a falon wani attajiri, amma mazaunansa daji suke ce masa, ni kuwa ban ga ribar yi musu gardama ba.

A tsakiyarsa akwai wata tsohuwar murjani ja mai rassa, ana kiranta Gwaggo Tabawa. Murjani halitta ce mai rai, sai dai ba ta tafiya, inda aka dasa ta nan take, kuma da hasken fitilar da ke saman ruwa take rayuwa. Da wuya ka sami kifi a wurin wanda bai ɓuya a rassanta ba yana ƙarami.

Kifayen nan suna da wata al'ada da suke kira rawar yunwa. Da zarar inuwar mutum ta gifta, sai su ruga jikin gilashi, su wage baki suna kaɗa jela kamar sun shekara ba su ci ba. Maigida ya zuba abinci, uwargida ta zo ta zuba, baƙo ma a ba shi ya zuba. Abin da ciki ya kasa ɗauka sai ya nutse ya ruɓe a ƙarƙashin duwatsu. Daga ruɓaɓɓen abincin da kashin masu ƙoshi wani sinadari ke fita wanda ido ba ya gani, masana na ce masa fosfet, shi ne takin gansakuka. Maigida kan sauya musu ruwa jefi-jefi, amma ana kwashewa ne ana zubawa.

Gansakuka ta fara daga duwatsu, ta bi yashi, har ta kama ƙafar Gwaggo ta soma hawa. Da abin ya kai mata iya wuya, sai ta aiki Jatau, wani jatan lande da ke kwana a gindinta, ya kai kukanta majalisar dajin.

Jatau ya tsaya gaban shugaba, Tanko Ƙaguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Gwaggo na gaisuwa. Ta ce a gaya muku haske ya daina isa gare ta, in aka ɗauki lokaci a haka mutuwa za ta yi. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, kuma duk kun san abin da ya tsamar da wannan. Ba ta ce a daina ci ba. Roƙonta a yi rawa sau ɗaya a yini, a cinye abin da aka zuba, a bar sauran inuwoyi su wuce."

Babu wanda ya ce ƙarya ne, domin kowa ya sani.

Can sai Ɗantani ya matso, wani kifi rawaya wanda asalin danginsa gansakuka suke ci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Gwaggo uwa ce, maganarta ba abin yarwa ba ce. Amma rawar nan gado ce, mun taras iyayenmu na yi. In muka rage ta, masu gida za su ɗauka mun ƙoshi, ranar da muka nema kuma mu rasa. Ni a ganina kada mu taɓa cikin talakawa. Gansakuka ce maƙiyiya, ita za mu yaƙa. A kafa hukuma."

Ai kuwa aka ɗauki tafi da ƙaya da jela. Babu maganar da ta fi daɗin ji irin wadda ba ta hana mutum cin abincinsa. Nan take aka kafa Hukumar Yaƙi da Gansakuka, aka naɗa Ɗantani shugabanta, aka ɗauki dodannin koɗi aiki.

To, ma'aikaci ba ya aiki da yunwa. Saboda haka aka ƙara rawa ta musamman da la'asar don ciyar da hukuma. Ɗantani ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace, kuma tunda ya saba da abincin gwangwanin da masu gida ke zubawa, gansakuka ta soma yi masa ɗaci. Dodannin koɗi suka ga shugaba ba ya ci, suka koma zagaya ta suna auna tsawonta. Duk sanda ta ƙaru sai a ce aiki ya yi yawa, a ƙara ma'aikata, a ƙara rawa.

Jatau ya yi fushi, ya rantse shi kam ya bar rawa. Ya kuwa cika alkawari na ɗan lokaci, yana zaune gindin Gwaggo yana kallon abinci na sauka. Ran nan wani guntu ya faɗo dab da shi, ya ce a ransa ai in ya bar shi ruɓewa zai yi ya cuci Gwaggo, gara ya cinye. Kashegari aka gan shi a sahun gaba na masu rawa.

Da ya dawo, kunya ta hana shi ɗaga kai. Gwaggo ta yi magana daga cikin koren bargon da ya lulluɓe ta, murya ƙasa-ƙasa. "Jatau, kai ne? Na daina ganin komai. Wai fitilar ce ta mutu?"

"Tana nan, Gwaggo. Hukuma na kan aiki."

"To, madalla. Ka gaishe su." Abin ya taɓa zuciyarsa ƙwarai, ya yi kuka, sai dai a cikin ruwa ba mai gane hawaye.

Da hukuma ta shirya bikin nuna ayyukanta, sai Ɗantani ya ba da umarni a kankare Gwaggo tas don manyan baƙi su gani. Dodannin koɗi suka duƙufa, karon farko tun da aka ɗauke su, kafin azahar sun gama. Majalisa ta taru, aka janye ragowar gansakukar. Ga Gwaggo Tabawa nan tsaye, rassanta duka a miƙe, fara fat kamar ƙashin da ya sha rana. Jatau ya kira sunanta, ya sake kira, bai kira na uku ba.

Tanko Ƙaguwa ya zagaya ta a karkace, yadda ya saba tafiya, ya duba sama ya duba ƙasa, sannan ya juyo ga Ɗantani ya ce, "Aikinku ya yi kyau. Tun da nake da Gwaggo ban taɓa ganinta da tsabta irin ta yau ba."