Ranar da Na Tambayi Zainab Yayarta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wani yinin biki a Tudun Wada ba, ranar da bakina ya riga hankalina.

Ni da ƙawata Rabi mayun fina-finan ban tsoro ne tun muna karatun jami'a a Kongo, Zariya. Ranar Asabar da rana sai in tafi gidansu, mu saki labule, mu kunna kwamfutar yayanta. Mun kalla har mun haddace dokokinsu: duk wanda ya ce "ina zuwa" ba ya dawowa, mota ba ta tashi sai aljani ya iso bakin gilashi, gidan da aka samu da araha kuwa akwai mai shi a ciki. Wanda ya fi burge mu shi ne irin wanda sai a ƙarshe ake gane ashe jarumin ya daɗe da mutuwa, shi ne bai sani ba. Ni ce gwanar cankar ƙarshen fim (Rabi ta sha jifana da filo a kan haka).

Aure ya kai ni Jalingo. Zumunci ya koma na waya, daga baya wayar ma ta yi sanyi. Na tura saƙo ba amsa, na kira na ji a kashe, sai na yi fushi na ce ai ita ma ta san lambata.

Da na zo Zariya bikin wata 'yar uwata, ina shiga tsakar gida na hango Zainab, ƙanwar Rabi, tana zuba wa mata miya. Na rungume ta, sannan da wannan murya tawa da ba ta san ƙasa-ƙasa ba na ce, "Ke Zainab, ina yayarki mara kirki? Ko dai irin na fim ne, ta daɗe da mutuwa ni ce ban sani ba?"

Na ƙyalƙyale da dariya. Ni kaɗai.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ɗauka ba su gane barkwancin ba ne, sai na shiga yi wa matan bayani: yadda mamacin ke yawo cikin gida, yana magana ba a amsa masa, shi kuma yana ganin gaba ake yi da shi. (Har da kwaikwayon tafiyarsa na yi, Allah Ya yafe mini.) Zainab ta ajiye ludayi ta shige ɗaki.

Sai na ji an ja gefen mayafina. Inna ce, mahaifiyar Rabi, zaune a kan tabarma a bayana. Ta rame har ban gane ta ba da na shigo. Ta zaunar da ni kusa da ita, ta ce Rabi ta rasu bara da damina wajen haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Sun so su sanar da ni, amma wayarta a kulle take, ba wanda ya iya buɗewa.

A fim kiɗa kan canja kafin mugun abu ya faru. A nan masu kiɗan ƙwarya ko sassautawa ba su yi ba.

Na fashe da kuka har kwalli ya wanke mini fuska. Ni da ya kamata in yi ta'aziyya, sai ga uwar mamaciya tana shafa bayana.

"Ya isa, 'yar nan," in ji Inna. "Tun da ta tafi kowa sai ya rage murya in zai ambace ta. Ke kaɗai kika kira ta mara kirki, kamar tana ɗaki tana jin ki."

Washegari na je gidan su Rabi na yi gaisuwa yadda ake yi. Zainab ta kawo mini ruwa, amma ba ta kalli fuskata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu in na haɗu da dangin wanda na daɗe ban ji ɗuriyarsa ba, sai in gaishe su in kama bakina, in bari su fara ambaton sunan.