Hannun Rigar da Na Ɗora wa Matata

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da taron ranar Talatar nan a bironmu, wato ofishinmu, ba.

Matata Hadiza tana da cikin fari, bayan shekara bakwai muna jira. Ta fara saƙa wa jaririn rigar sanyi, sai hannuwanta suka kumbura, ko tsinken saƙa ba ta iya riƙewa. Na tarar tana kuka a kan rabin riga, ni kuwa da bakina na ce zan ƙarasa. (Ni da ko maɓalli ban taɓa ɗinkawa ba.) Ta koya mini, ta ce, "In ka zo hannu, ka ƙara idon saƙa ɗaya kowane gefe, bayan kowane layi huɗu." Ƙara ido na riƙe, layi huɗu ya bi iska. Kowane layi sai na ƙara.

A biro nake saƙar a ɓoye, da hutun azahar. Ran nan ana taro, darakta ya nemi dosiyen wasu takardu, na zuge jaka, sai curin ulu ya faɗo ya gangara ƙarƙashin tebur. Saƙar ta bi shi har ƙafar Madam Zeinabu, sakatariyarmu, wadda rabin matan Birni ke kai wa saƙa.

Ta ɗaga hannun rigar. Ƙasa siriri, sama ya buɗe kamar mazurari.

"Aikin wa ke nan?"

"Na uwargida ne," na ce, ko kunya babu.

"Allah sarki! Jariri za ta haifa ko ɗan maraƙi? Ka ce mata ta haƙura da saƙa."

Aka kwashe da dariya. Sai na tuna Hadiza kwance a gida, ana mata dariya kan abin da ba ta yi ba. Na miƙe, gumi har cikin takalmi.

"Madam, rabin nan mai kyau nata ne. Mazurarin nawa ne."

Darakta ya cire tabarau ya ƙare mini kallo. Madam Zeinabu ta tambayi abin da ya sami Hadiza, na gaya mata. Ba ta ƙara dariya ba. Ta zare tsinke ta warware hannun gaba ɗaya.

"Gobe da azahar ka jawo kujera kusa da ni. Da kanka za ka gyara."

Sati biyu na yi ina ƙirga layi a gabanta. 'Yarmu ta sa rigar ranar suna, ta zauna mata daram. Har yau a biro Malam Ƙara-ido ake ce mini, har masu gadi.

Na dai koyi abu guda: in kunya ta zama dole, gara mutum ya sha tasa a tsaye da ya aika wa matarsa gida.