Ranar da Darakta Ya Goyi Bayan Korarsa

Akwai wani kamfanin man gyaɗa a nan Kano, ba zan kama sunansa ba don kada a daina amsa mini gaisuwa. Cikin daraktocinsa akwai Alhaji Tanimu, wani Bazazzagi mai sayar da hatsi a Dawanau. Ya sayi hannun jari tun kamfanin yana da inji ɗaya, shi ya sa aka ba shi kujera a kwamitin daraktoci. Shi Alhaji ba alawus ɗin zama ne ya dame shi ba, sunan ne. Tun da aka naɗa shi 'yan kasuwa suka daina ce masa Tanimu Mai Buhu, sai Darakta. Hatta uwargidansa in tana neman wani abu a wurinsa, da Darakta take farawa.

Matsalarsa ɗaya ce. Ɗakin taron nan ga sanyin esi, ga kujera mai laushi, ga shayi da dambun nama a gaban kowa. Kafin sakatariya Hajiya Asabe ta gama karanta abin da aka tattauna a zaman baya, Alhaji ya yi nisa cikin barci. Amma fa ya iya abinsa. Baƙin tabarau a ido, carbi a hannu, kai a miƙe. In ka gan shi sai ka rantse lissafin kamfanin yake yi a zuci.

Dokar taron kuwa ita ce, duk shawarar da aka kawo sai wani ya goyi baya kafin a kaɗa ƙuri'a. A nan Alhaji ya samu aikin yi. Ya shirya da wanda ke zaune kusa da shi, Alhaji Mati, Bakano kuma abokin wasansa, cewa in an zo wurin ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Da ya ji taku sai ya gyara murya ya ce, "Na goyi baya." Da haka aka sayi sababbin injina, aka sallami wani manaja, aka canza kalar galan. Ko ranar da aka kawo sunan Injiniya Kailani a matsayin sabon ciyaman, kowa sai ya shiga kallon kofin shayinsa, don mutumin yana da ɗaga hanci. Mati ya yi taku, Alhaji ya fitar da Injiniya kunya.

To ana nan, wata rana munshari ya tona asiri. Ciyaman yana tsakiyar bayani a kan farashin gyaɗa, sai aka ji wani gurnani daga bayan tabarau. Tun daga ranar ciyaman ya ƙulla abin a ransa.

Zama na gaba, sai da ya bari barci ya kwashe Alhaji tukuna, sannan ya kawo shawarar a sauke Alhaji Tanimu daga kwamiti, a ba wa mai jini a jika kujerar. Ya tambaya ko akwai mai goyon baya. Amma Alhaji dattijo ne, ya je sunan 'ya'yan kowa, wa zai iya buɗe baki? Shawara ta kama hanyar mutuwa.

Shi kuwa Mati, Bakano ya samu Bazazzagi a kwance, ai ba zai iya haƙuri ba. Ya lallaɓa ƙafa ya yi taku.

Alhaji ya gyara murya ya ce, "Na goyi baya."

Dariya ta ɓarke, har wani darakta ya ƙware da shayi. Alhaji ya farka sosai, ya ga kowa shi yake kallo, ya ga Mati ya cusa kai cikin babbar riga kafaɗunsa suna rawa. Ya juya wurin sakatariya ya tambaye ta a hankali me aka ce. Ta sunkuyar da kai ta gaya masa. Nan take ya hango kansa a Dawanau ana sake kiransa Mai Buhu.

Ciyaman ya ga dama ta samu, ya miƙe tsaye. Ya ce kowa ya gani da idonsa, ba sai an kawo shaida ba. Ya buga tebur ya ce, "Kamfani ba zai tafi da maganar mai barci ba. Duk abin da mutum ya faɗa yana barci shirme ne, ba a gina komai a kansa."

Alhaji ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya ɗebi ragowar dambunsa ya kai baki. Sai da ya haɗiye sannan ya dubi sakatariya.

"Hajiya, ciyaman ya faɗi gaskiya. A soke duk abin da na goya wa baya ina barci. Fara da na yau, sai ki koma ranar da aka zaɓe shi."